Kakata da Dutsen da Aka Ɗaure wa Ƙafa

Daga Allah muka zo, kuma babu wanda zai ƙi komawa. Kaka, mahaifiyar Babana, ta koma wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa. Ina makaranta a Kano aka aiko, ban iso ƙauyenmu da ke bayan Yalwan Damai ba sai da maza suka dawo daga maƙabarta.

Tsakar gida cike take da mata, wasu a kan tabarmi, wasu sun jingina da rumbu, amma abin da ya fara dukana shi ne shiru. Gidanmu gidan ɗaga murya ne. Shekara da shekaru Kaka ba ta ji, mu kuwa mun saba yi mata ihu duk da mun san ba ya isa gare ta, har ihun ya zama muryarmu ta kullum. Ran nan kowa ƙasa-ƙasa yake magana, sai na ji kamar na shiga gidan wasu.

Tun da ba ta jin sallama, duk wanda zai shiga ɗakinta sai ya buga ƙafa a ƙasa a bakin ƙofa. Takan ji bugun ta cikin daɓe, ta ce, "Shigo, na ji ka." Gwaggo, ƙanwar Babana, ta tashi za ta ɗauko wa baƙi tabarma. Ta isa bakin ƙofar, ta buga ƙafa, ta tsaya tana jira. Duk muna kallonta. Da ta tuna, sai ta zauna nan a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Wata Bafillatana da ta tako a ƙafa tun daga Maruta ta ajiye ƙwaryarta ta ce, "Allah ya jiƙan tsohuwa. Da ba don dutsenta ba, da ƙanina kura ta cinye shi yana ɗan yaye."

Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Ni dai ban taɓa jin ta yi gulmar kowa ba."

Tsohuwar da ke gefenta ta ce, "To ina za ta yi gulma? Matar da in ta yi raɗa har kasuwa ake ji?"

Aka yi dariya, aka share hawaye, aka ce Allah ya sa ta huta.

Mutum ɗaya ne bai zauna a zaure wajen karɓar gaisuwa ba: Baffa, autan Kaka. Yana bayan gida a kan wani kututture, ya juya fuska wajen tudun da ke yamma da mu. In an yi masa ta'aziyya sai ya ɗaga kai kawai. Mutane suka ce auta ne, dole abin ya fi taɓa shi. Ni na san abin da yake kallo. Don shi nake wannan rubutu, da kuma don kada a wayi gari jikokinmu su hau tudun nan su ga dutse, su ɗauka dutse ne kawai.

A kan tudun akwai wani faffaɗan dutse, tsawonsa ya kai tabarma, yana kwance a kan wasu ƙananan duwatsu kamar tukunya a kan murhu. Ƙarƙashinsa fili ne, awaki na shiga su sha inuwa. In ka ɗauki ɗan dutse ka buga shi, ba ya yin ƙarar dutse. Amo yake yi kamar na ƙarfe, mai tsawo, mai sanyi, ya gangara ya ratsa gonaki. A jikinsa akwai gurabe da bugu ya sassaƙa tun zamanin da ba wanda ya sani, kowane gurbi da muryarsa. Muna ce masa dutsen kiɗa.

Ba don wasa ake buga shi ba. In dawa ta yi tsawo ta fi ƙarfin mutum, gona takan zama kamar kogi, yaro ya shiga ya rasa gabas da yamma. In aka nemi wani aka rasa, sai a zo wurin Kaka. Ta hau tudu, ta yi bismillah, ta fara: biyu a babban gurbi, ɗaya a ƙarami, ta dakata amon ya gama tafiya, ta sake. Wanda ya ɓace ya bi sautin ya fito, waɗanda ke gona kuma su yar da abin hannunsu su zo neman. Daga Sara ta ƙasar Gwaram aka auro ta, a wurin surukarta ta koyi bugun, kuma tun ina goye ita kaɗai ke yi.

Shekarar da aka sa ni firamare sanƙarau ya kama ta. Ta tashi, amma ya tafi da kunnuwanta. Mun zaci ta bar tudu ke nan. Sai ga shi ranar da aka fara neman wani bayan ciwon, ta ɗaura ɗankwali ta hau. Ta buga da hannun dama, ta shimfiɗa tafin hagu a kan dutsen. Ta ce da hannu take ji yanzu, kuma ya fi kunne gaskiya, don shi ba a yi masa ƙarya.

Haka take da komai. In tana shiɓar auduga, takan kai ƙarshen bakan shiɓa ta ɗora a haƙoranta, ta fizgi tsirkiya, ta lumshe ido. Na taɓa tambayarta me take yi. Ta ce, "Rediyona ke nan. Ku kuna da naku mai cin batir." In za ka yi mata magana mai muhimmanci, sai ta ɗora yatsunta a maƙogwaronka, idonta a kan leɓenka. Yatsunta masu sanyi ne, suna ƙanshin auduga da man shanu. Babana kaɗai ne ba ta taɓa wa wuya ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Shi sai ya faɗa wa Baffa, Baffa ya durƙusa ya miƙa mata wuya kamar rago.

Ni 'yar boko take ce mini. In na dawo hutu takan ce, "To 'yar boko, me aka ƙara miki? Har yanzu ba ki iya dama fura ba, ko?"

Wani hutu na zo mata da labari. Malaminmu na kimiyya, wani Ba'indiye mai sanyin hali, ya kawo wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa. Ya buga shi, ya yi ta amo. Ya tsoma bakinsa a kofin ruwa, ruwan ya fantsama, muka ga ashe rawa ƙarfen yake yi, rawar da ido ba ya kamawa. Ya ce duk sauti haka yake: abu ya ɗan lanƙwashe ya dawo, ya lanƙwashe ya dawo, da sauri, ya turo iska, iska ta turo kunne. Ya ce har ƙarfe da dutse suna da irin halin danƙo, ana matsa su suna komawa yadda suke. Sannan ya sake bugawa, ya damƙe bakin ƙarfen da hannu. Nan take ya yi tsit.

Na daɗe ina yi wa Kaka bayani, da baki da hannu, yatsunta a wuyana. Da ta gane sai ta tuntsire da dariya.

"Wato Baban naki ya sayar da gyaɗa ya kai ki Kano, don wani ya taso daga bayan teku ya gaya miki dutse na rawa? Da kin tambaye ni ai kyauta ne."

Amma ta ji daɗi. Har ta sa na maimaita wa Gwaggo.

A shekarun nan ne kuɗin fetur suka fara shigowa, aka yi ta fasa hanyoyi. Baffa ya zama ɗan kwangila, yana gina kwalbatoci. Ya sayi a-kori-kura, ya yi wa Kaka rufin kwano, ya shafe mata ɗaki da siminti. Mutum ne mai son uwarsa har ya rasa yadda zai yi da son. Wata damina aka yi ruwa mai yawa, ya hau tudu ya ga ruwa ya kwashe ƙasa daga gindin ɗaya daga cikin duwatsun da ke ɗauke da babban. Shi kuwa aikinsa ke nan, ya san abin da ruwa ke yi wa ƙarƙashin abu mai nauyi. Ya tuna uwarsa a nan take durƙusawa, gwiwoyinta a ƙarƙashin dutsen. Bai yi shawara da kowa ba. Ya kawo magina da buhunan siminti, aka cike ƙarƙashin dutsen kiɗa tam, aka shafe, har da 'yar matakala don kada ta sha wahalar hawa. Dattawa suka sa masa albarka.

Da simintin ya bushe, ya ɗauki ɗan dutse ya buga don ya gwada. Aka ji ƙwas, kamar an bugi bango.

Ina Kano aka yi wannan. Gwaggo ce ta tare ni a zaure ranar da na dawo, tun ban ajiye akwati ba. Ta ce Baffa ya tara gida ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya wa Inna, wato Kaka. Ai ba ta ji, ta ina za ta sani?

Washegari da la'asar Kaka ta ce in raka ta ta ga aikin da autanta ya yi mata. Muka hau a hankali. Ta yaba matakalar. Ta durƙusa, ta ɗauki ɗan dutsenta, ta shimfiɗa tafin hagu, ta buga.

Ban taɓa ganin fuska ta yi irin abin da tata ta yi ba. Ba ta ɓata rai ba. Kamar dai mutumin da ya kira sunan wani a ɗaki, ya ɗaga labule ya tarar babu kowa. Ta matsar da hannun ta sake bugawa. Ta koma ƙaramin gurbi. Ta kwantar da kuncinta a kan dutsen, ta buga. Daga nan ta ajiye.

Ta ce, "An ɗaure masa ƙafa."

Na gyaɗa kai. Abin da malam ya yi wa ƙarfen nan ne, sai dai wannan hannun ba ya saki.

Ta jawo ni kusa, ta yi irin raɗarta da take zaton ba a ji. "Kada ki gaya wa auta na gane. Tsoron kada ya faɗo mini ya yi. In ya san ya kashe mini abu, ba zai ƙara iya kallona ba. Kin ji ko? Rantse."

Na ce ba kyau rantsuwa. Ta ce to yi alkawari, ɗan boko ma ai yana da alkawari. Na yi.

Da muka sauko muka tarar da Baffa a ƙofar gida yana goge gilashin mota. Ta dafa kansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Muryarsa har ta fi da." Ya sunkuyar da kai ya ce amin.

Ban iya haƙuri ba. Kafin hutu ya ƙare na same shi shi kaɗai yana goge mota, na durƙusa na ce, "Baffa, a fasa simintin nan. Dutsen sai yana da fili a ƙarƙashi yake iya rawa. In an cire zai dawo."

Ya ce, "Wa ya gaya miki zai dawo?"

"A makaranta aka..."

"A makaranta an gaya miki nauyinsa? Kin taɓa ganin abin da ya rage na mutum in gini ya zauna masa?" Ya jefar da tsumman hannunsa. "Ni na gani. Ki zaɓa, 'yata: dutse mai kuka ko kaka mai rai."

"Baffa, in wani ya ɓace fa?"

"Ina da hon a mota."

Magana ɗaya ce za ta iya karya shi, ita ce kuwa na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Na tashi ina kuka. Kuma har yau ban iya cewa ba shi da gaskiya ba, don ni ma na ga inda ruwan ya ci.

Da lokacin kaka ya zagayo, wata 'yar Fulani ta bi maraƙi cikin dawa ba ta fito ba. Uwarta ta zo da gudu, ba ta san komai ba, ta faɗi gaban Kaka. Kowa a tsakar gida ya kalli ƙasa. Kaka ta dubi matar, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaura ɗankwali. Ta hau tudu ta yi ta bugun dutsen da ta san ba ya magana, biyu a babba, ɗaya a ƙarami, har tafin hannunta ya fashe. A ƙasa kuwa Baffa ya kai mota bakin gona ya kwanta a kan hon. Kafin rana ta faɗi yarinyar ta fito, ta biyo kukan mota.

Aka hau aka gaya wa Kaka dutsenta ya dawo da yarinya. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta goge jinin a zanenta. Daga ranar ba ta ƙara hawa tudu ba. Ta ce gwiwa ce.

Hutuna na ƙarshe da ita, na same ta ta rame, bakan shiɓa a rataye ya yi ƙura. Na so in ba ta wani abu, ba ni da komai sai karatu. Na ɗora yatsunta a wuyana na gaya mata abin da aka koya mana: irin duwatsunmu na nan suna ɗauke da wasu 'yan sinadarai kaɗan a cikinsu, masu fitar da wani irin haske da ido ba ya gani, kunne ba ya ji. Ba sai an buga ba. Dare da rana yana fita da kansa.

Ta ce, "Ko an ɗaure shi?"

Na ce, "Ko an ɗaure shi."

"Ba ya ƙarewa?"

Na ce yana raguwa, amma a hankali ƙwarai. Sai zamani mai tsawo ya wuce kafin ya koma rabi, sannan rabin ya koma rabi, haka dai, ba mai ganin ranar ƙarewarsa.

Ta ce, "Wannan ai goron Gwaggonki ne. Kullum a raba biyu, ba ya ƙarewa, ba ya kuma isar kowa." Muka yi dariya har ta yi tari. Da tarin ya lafa ta kalli ƙofa. Sannan ta ce, "Yana da kyau, 'yar boko. Amma abin da ba a ji, wa zai kira gida?"

Ina zaton kewarta ma irin wannan hasken ce: ba ta da ƙara, tana fita daga bangon ɗakinta da daga jikinmu, kuma an ce za ta ragu.

Bayan an yi sadakar bakwai baƙi suka watse. Da safe ina shara na ga Baffa ya fito da guduma da cizal, ya nufi tudu. Na ajiye tsintsiya na bi shi. Bai kore ni ba. Ya tsaya gaban dutsen ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ina gindin tudun nan ranar da kuka hau. Na biyo ku da tabarmarta."

Na ce, "Baffa, ka ji?"

"Raɗar Inna? Ai ko a Gwaram an ji." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Ta sa mini albarka a kan ƙarya, na ce amin a kan ƙarya. In na fasa, ta san na ji, na kuma mayar da ita ƙarƙashin abin da zai iya kashe ta. In na bari, kin ga yadda ta ƙare. Kullum sai in ce bari damina ta wuce."

Na ce, "Yanzu kai zai iya faɗo wa."

Ya ce, "Matsa baya."

Ya kwanta a gefensa ya fara sara. Simintin mai kyau ne, shi da kansa ya haɗa, bai yi masa sauƙi ba. Can sai ga Babana ya hawo da gungumen itace a kafaɗa. Ya tokare gefen da ruwa ya ci, ya koma ya ɗauko wani, ya zauna ya sa bayansa. Rana ta take, ta karkata. Sau ɗaya dutsen ya yi wani nishi ya ɗan motsa, ƙura ta zubo wa Baffa a fuska. Babana ya ce, "Fito." Baffa ya ce, "Saura kaɗan, Yaya." Suka jera ƙananan duwatsu a inda ƙasa ta zaizaye, suka janye itacen a hankali. Haske ya ratsa ƙarƙashin dutsen daga wancan gefe zuwa wannan.

Baffa ya miƙe, fari fat da ƙura, gwiwar hannunsa na jini. Ya ɗauki ɗan dutsen Kaka. Sannan ya buga, biyu a babba, ɗaya a ƙarami.

Amon ya tashi. Na ji shi a kunnena, na ji shi a tafin ƙafata da cikin haƙorana. Ya gangara tudu, ya bi ta kan rufin kwanon ɗakinta, ya shiga gonaki. Baffa ya jira ya gama tafiya, ya sake. Ya sake.

Ba mu yi tunanin mutanen gona ba. Sai muka ga kan dawa na motsi ta ko'ina. Maza suka fara ɓullowa da lauje a hannu, mata da goyo, suna gudu suna nufo tudu. Wani dattijo, sa'an marigayi kakanmu, shi ya fara isowa, yana haki, ya dafa gwiwa.

Ya ce, "Lafiya? Wa ya ɓace? Ɗan waye?"

Baffa ya dube shi, ga furfura a gemunsa, ga ɗan dutse a hannu.

Ya ce, "Ni ne, Baba. Ɗan Inna."

Dattijon ya dubi fasasshen siminti, ya dubi Babana, ya dubi Baffa. Ya ajiye laujensa a ƙasa, ya zauna, ya buɗe tafukan hannu. Waɗanda ke isowa suka yi ta zama a bayansa, ba wanda ya ƙara tambaya.

Ya ce, "Allah ka jiƙan baiwarka. Ka buɗe mata kunnuwanta a inda take, ka jiyar da ita abin da ya fi wannan daɗi."

Muka ce amin. Baffa ma ya ce amin, da ƙarfi, irin yadda muke magana a gidanmu.